Wa Ya Bar Mana Gawon Nan?

Kwanakin baya na tambayi ɗalibaina, a wani lakkol na gundumar Gazawa, wa ya shuka gawon da ke cikin gonakin iyayensu. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ai gawo ba a shuka shi, haka Allah ya ajiye shi tun da can." Yaron bai yi ƙarya ba, gawon ba dasa shi aka yi ba. Amma kuma ba tun da can yake nan ba. Ni da nake cikin shekaruna na arba'in da ƴan kai, na san gonakin nan suna fayau, sai iska da rairayi. Akwai mutanen da suka ratsa rayuwarmu suka bar mana inuwar nan, kuma muna gab da mance su.

Bayan farin 1973 da 1974, ƙasar Maraɗi ta shiga wani hali. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun faɗaɗa, kuma manomin kirki a wancan lokaci shi ne wanda ya sassabe gonarsa ƙaf, ya ƙone saura. Dokar gandun daji ta sa itace a hannun gwamnati. Wanda ya sari gawo a gonarsa ba da izini ba yana iya shan tara, don haka mutane suka gwammace kada ma itacen ya girma. Iskar farkon damina kan binne shukar hatsi, har mutum ya yi shuka sau biyu ko uku.

A farkon shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. Ya yi ta dashen itatuwa, mafi yawansu suna mutuwa. A 1983, yana kan hanyar ƙauye, ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai ya lura da wani ɗan tsiro. Da ya duba ganyen, ya gane kututturen itace ne da aka sare, saiwarsa na raye a ƙasa. Ashe dajin bai mutu ba. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi rassa ƙalilan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga gatari da wuta. Shi ne muke kira sassabin zamani.

Manoma ƙalilan ne suka fara yarda, aka yi ta yi musu dariya. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda dattawanmu ke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya a lokacin. Aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Da aka daina rabon, da yawa suka koma suka sare. Waɗanda ba su sare ba, su ne maganata a yau.

Ɗaya daga cikinsu maƙwabcinmu ne a ƙauyenmu na ƙasar Agye, abokin mahaifina. Muna yara mukan bi ta gonarsa muna cewa gonar malalaci, domin cike take da sabara da kalgo da ƴan gawo. Ba ya fushi. Yakan kira ni ya ce, "Zo nan ɗana, riƙe mini wannan reshen." Da lauje yake datsewa, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage. Bayan ƴan shekaru matan gidansa suka daina tafiya mai nisa neman itacen girki, awakinsa na cin ƴaƴan gawo da rani, hatsinsa ya fi kyau a gindin gawon, tunda gawo da damina yake zubar da ganye. Masu dariya suka fara zuwa kallo da yamma. Ya rasu ina makarantar horon malamai a Maraɗi. Ban taɓa ce masa na gode ba.

Irinsa suna da yawa daga Gidan Runji har Gazawa. A ƙasar Agye, garin Ɗan Saga ya yi suna wajen kafa kwamitin tsaron itatuwa, inda aka sa mata da makiyaya cikin shawara, saboda kariyar mutum ɗaya ba ta isa idan maƙwabci zai zo ya sara da dare. Rinaudo ya bar Nijar a 1999, aikin bai tsaya ba, manomi ne ke koya wa manomi. Da masu bincike suka gwada hotunan sama na da da na baya, suka ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman kan wannan aiki.

Baƙon ya cancanci yabonsa, kuma sunansa ya shiga littattafai. To, wa zai rubuta sunan wanda ya jure dariyar gari shekara da shekaru? Waɗanda suka ga El Buhari da hankalinsu yau sun manyanta, kullum muna kai su makwanci. Idan suka ƙare, yaro zai gaji gawo bai san an taɓa rasa shi ba, kuma abin da ba a san wahalarsa ba, sayar da shi ga mai gawayi ba ya da wuya.

Ga abin da na yi a ajina, ina roƙon ƴan'uwana malamai su gwada. Na ba kowane ɗalibi aiki ya je wurin kakansa da tambaya uku: wa ya fara barin itace a gonarku, a wace shekara, kuma me mutane suka ce masa? Mun buɗe littafi muna rubuta amsoshin. Ku kuma iyaye, in kun fita gona da yaro, ku tsaya a gindin itacen ku faɗa masa sunan wanda ya bar shi, ku yi wa mamacin addu'a tare. Yaron nan da ya ba ni amsa ya dawo ranar Litinin da sunan kakan mahaifiyarsa. Shi ne na farko a shafin.