Kufan da Ke Bakin Ruwan Tiga

Idan bazara ta yi nisa, ruwan Tiga yakan ja da baya, ya bar wani fili mai laka wanda ba a ganinsa da kaka. Nan masunta suke shanya koma, nan Fulani suke saukowa da shanu. Mu da muka tashi tsakanin Bebeji da Tudun Wada mun sha taka wurin ba mu dubi ƙasa ba. Ranar da muka duba, abin da muka fara cin karo da shi dutsen niƙa ne, rabinsa cikin laka, tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi. Dutse ba ya lotsawa haka a shekara ɗaya. Uwa ta yi niƙa a kansa, 'yarta ta gada, wataƙila har jika.

Ginin ƙasa ba ya jure ruwa. Katanga da rumbu da zaure duk sun narke tun shekarun farko, sun koma lakar da aka yi su da ita. Abin da kan rage a irin wannan kufai shi ne abin da wuta ta gasa, ko wanda Allah Ya yi shi dutse: duwatsun murhu uku, da'irar duwatsun da ake ɗora rumbu a kai saboda gara da danshi, kututturen itace, sai tsingaro barkatai. Wanda ya san zaman ƙauye zai karanta su kamar allo. Tsingaro mai kauri randa ce. Mai baƙin hayaƙi a gindi tukunyar tuwo ce. Mai ƙananan huji madambaci ne, ke nan an ci dambu a gidan. Idan ka ƙirga gindin rumbu huɗu ko biyar wuri guda, ka san gandu ne babba, mai gida da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma tare.

Yadda aka yi wannan kufai ba ɓoyayye ba ne. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka datse Kogin Kano, aka kammala madatsar Tiga a 1974. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka tashi mutanensu aka mayar da su sababbin matsugunai. Ba mu ce ba a amfana ba. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa ruwan Tiga ne, kuma duk mun ci. Amma fadamar bakin kogi, wadda ita ce ƙasa mafi albarka, ita ta fara nutsewa, kuma wanda ya saba da fadama aka kai shi tudu ya san abin da ya rasa. Ƙaramin tafkin da ke maƙwabtaka an sa masa sunan Bagauda, sarkin da Tarihin Kano ya ce ya fara mulki a 999. Sarki ya samu tafki da otal, yanzu har da makarantar horas da lauyoyi. Manoman da ke ƙarƙashin ruwa ko allon suna ba su samu ba.

Sai dai kuskure ne mu ɗauka duk tsingaron da ke bakin ruwan na mutanen 1974 ne. Kudancin Kano ya sha tashi kafin nan. Wajen 1846 Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa a kan rigimar haraji, suka shiga duwatsun Ningi. Magadansa, musamman Ɗan Maje, sun addabi wannan yanki da hare-hare a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855. Manomi ba ya iya kwana a buɗaɗɗen ƙauye ana kama bayi. Sai ya bar rumbunsa ya shige gari mai ganuwa irin Rano ko Bebeji, ko kuwa a kewaye ƙauyen da kafi na itace. Sunan Kafin Maiyaƙi da ke ƙasar Ƙiru har yau yana ɗauke da wannan kalma. Bayan Turawa sun fasa Bebeji a hanyarsu ta cin Kano a 1903, hare-hare suka lafa, jama'a suka sake bazuwa cikin gonaki. Kuma mutum kan so tsohon kufai, domin ƙasarsa baƙa ce, ta sha juji da toka. Don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da sabon ƙauye a kan tsoho.

Masu binciken kufai da wannan hawa-hawa suke aiki. Inda aka ga kwanon langa da fasasshiyar kwalba, zaman bai daɗe ba. Inda babu sai tukunya da kashin maƙera, an ƙara nisa. Gawayin da ke hawan ƙasa kuwa ana iya auna shekarunsa, kamar yadda aka auna na wurin narka tama a Dala aka kai shi ƙarni na 7. A 1979 Murray Last ya yi rubutu kan kufan Santolo da Fangwai. Amma waɗannan wurare ne na sarauta da tsafi da yaƙi. A ganinmu ƙauyen manomi mai rumbu biyar shi ma ya cancanci a tsuguna a kansa.

Bakin tafki kuwa mugun wurin ajiya ne. Kowace shekara ruwa ya hau ya sauka, ya cakuɗa na sama da na ƙasa. Shanu su tattake, mai gini ya kwashi duwatsu ya zuba a harsashi. Yaron da ke da shekara 15 lokacin da aka tashe su yanzu ya haura 65. Mun tsaya da wani dattijo irinsu a gaɓa, muka kunna waya muna ɗaukar muryarsa. Ya ɗaga sandarsa ya nuna ruwa, inda mu ba mu ga komai ba sai kwalekwale. Ya ce nan masallaci yake, can kukar da ake cin kasuwa. Daga nan ya matsar da sandar kaɗan gabas, ya ce can aka binne mahaifinsa.