2.3 Tarihin Rabon Ƙasa da Matsugunin Ma'aikata a Birnin Kano

Kafin zuwan Turawa a shekarar 1903, mafi yawan masu sana'a a Kano suna aiki ne a unguwar da suke kwana. Maƙera da marina da dukawa suna da zaurukansu da karofinsu kusa da gida, kasuwar Kurmi kuma tafiyar ƙafa ce. Baƙin fatake su ne ke sauka a Fagge, a bayan ganuwa.

Wannan tsari ya fara sauyawa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Turawan mulkin mallaka sun keɓe wa kansu Nasarawa, sun yanka wa kamfanonin sayen gyaɗa filaye kusa da tasha, sannan a 1913 aka kafa Sabon Gari domin ma'aikatan da suka zo daga kudu. Dokar tsara garuruwa ta 1917 ta ƙara tanadin a bar fili na yadi 440 tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Leburori 'yan Arewa da tsofaffin sojoji kuwa suka taru a Tudun Wada da Gwagwarwa. Ta haka ne wurin kwana ya rabu da wurin aiki, kuma asalin mutum da matsayinsa suka zama ma'aunin inda zai zauna.

Masana'antun Bompai da suka bunƙasa daga shekarun 1950 sun samu ma'aikata daga waɗannan unguwanni na kusa, inda keke ko ƙafa ta wadatar. Amma da aka buɗe Sharaɗa da Calawa a kudancin birni, ba a tanadi isassun gidaje ga ƙananan ma'aikata ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun Gwamna, sai dai samun fuloti da takardar mallaka ya fi sauƙi ga manyan ma'aikata da attajirai. Talaka sai ya koma sayen gonakin da aka yanka da awon igiya a wurare irin su Kurna da Rijiyar Lemo da Dakata, inda sau da yawa babu titi, babu magudanar ruwa.

Sakamakon haka shi ne dogaro da abin hawa na haya. Acaɓa ta yaɗu bayan matsin tattalin arziki na 1986, har zuwa 2013 da gwamnatin jiha ta hana ta ɗaukar fasinja, A Daidaita Sahu ta maye gurbinta.

Daga abin da ya gabata, za a iya fahimtar cewa nisan da ma'aikacin Kano ke yi kullum gado ne na yadda hukumomi suka raba ƙasa. Rahusar da ya samu a kuɗin haya ko na fili a gefen gari, ita yake biya a kuɗin mota da kuma lokacin da yake ɓatawa a hanya.