Tankin Gilashi Mai Tsirrai Ba Tare da Famfon Iska Ba: Nazari a Kan Yanayin Kwaja, Mubi ta Kudu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda za a tsara ƙaramin tankin gilashi na kifayen ado da tsirran ruwa a Kwaja, ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, jihar Adamawa, inda ba a dogara da wutar lantarki dare da rana. An bi hanyar bitar ayyukan magabata da lissafi a kan narkewar iskar oksijin da gubar amoniya. Maƙalar tana ganin cewa tsirrai za su iya maye gurbin injin tace ruwa, muddin an rage yawan kifi, an kuma yi hattara da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya.

Gabatarwa

Littattafan kiwon kifin ado da ake samu a kasuwa kusan duk an rubuta su ne don gidajen Turai da Amurka da Japan, inda ake fama da sanyi, wuta kuma ba ta yankewa. Shi ya sa suke farawa da na'urar ɗumama ruwa da famfon iska. A Kwaja, wadda ke cikin tsaunukan Mandara kusa da iyakar Kamaru, lamarin ya sha bamban. Zafin bazara ne abin tsoro, sai ƙurar hunturu, sai kuma rashin tabbas na wuta. Tankin da rayuwarsa ta rataya a kan famfo yana iya hallaka a dare guda.

Tunanin tanki marar inji ya girmi injin kansa. A shekarar 1850 Robert Warington ya gabatar wa ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Landan bayanin yadda ya raya kifaye da tsiron Vallisneria da katantanwa a mazubi ɗaya ba tare da canza ruwa ba. A 1999 Diana Walstad ta farfaɗo da wannan hanya a littafinta Ecology of the Planted Aquarium, inda ta shimfiɗa ƙasar lambu a ƙarƙashin tsakuwa. Salon Takashi Amano na Japan ya fi shahara a idon duniya, amma yana cin haske mai ƙarfi da tukunyar iskar kabon, don haka ba shi ne ya dace da mu ba.

Zafi, oksijin da amoniya

A nan ne gizo ke saƙar. Ruwa mai daɗi a daidai doron teku yana riƙe oksijin kusan miligiram 9.1 a kowace lita idan zafinsa digiri 20 ne, ya sauka zuwa 8.3 a digiri 25, sannan 7.6 a digiri 30. Hawan tsauni yana ƙara ragewa, kimanin kashi 11 cikin ɗari a kowace mita 1,000. Kwaja ta fi garin Mubi tudu, saboda haka abin da ta samu na sauƙin zafi tana biyan wani ɓangarensa da ƙarancin matsin iska. Kifi kuwa, da yake zafin jikinsa na bin na ruwa, buƙatarsa ta oksijin tana hawa ne a daidai lokacin da ruwan ke rasa shi.

Tsirrai suna fitar da oksijin da rana kaɗai. Da dare su ma shaƙa suke yi, tare da kifi da ƙwayoyin bakteriya. Mafi hatsarin lokaci shi ne gab da asuba a watannin Maris da Afrilu. Mai tanki da ya ga kifayensa sun taru a saman ruwa suna haɗiyar iska da sassafe, ya sani sun yi yawa, ko abinci ya yi yawa. Maganin yana cikin siffar tankin: faɗi ya fi zurfi amfani, domin ta fuskar ruwa iska ke shiga. Tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 30 yana cin lita 54, kuma fuskarsa ta wadatar da ƙananan kifaye shida zuwa takwas waɗanda ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ƙasa da lita 30, zafin ruwa yana hawa da sauka da sauri fiye da yadda kifi zai jure.

Amoniya tana fitowa daga jikin kifi da ruɓaɓɓen abinci. Kashin da ke da guba a cikinta ya danganta da ma'aunin tsami na pH da zafi: a digiri 25, bai kai kashi 1 cikin ɗari ba a pH 7, amma a pH 8 ya haura kashi 5. Bakteriya suna mayar da ita naitirait, sannan naitiret mai sauƙin guba. Binciken Hovanec da abokan aikinsa a 1998 ya nuna cewa jinsin Nitrospira ne ke yin mataki na biyu a tankunan gida. Wannan aiki yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ya kankama, kuma shi ma oksijin yake ci. Tsirran ruwa da yawa suna zuƙar amoniya kai tsaye a matsayin taki, ba tare da wannan asara ba. Wannan ne hujjar da ta fi ƙarfi ta cika tankin da tsirrai tun ranar farko, a bar kifi sai bayan makonni.

Ƙasa da ruwa

Ana shimfiɗa ƙasar lambu da ba ta ga maganin feshi ko sabon taki ba, kaurin santimita biyu zuwa uku, a rufe ta da wankakken yashi mai kaushi daidai wannan kauri. Duwatsun Mandara galibi masu tauri ne, ba sa narkewa cikin sauƙi, don haka suna yin ado ba tare da sauya ruwan ba. Ruwan sama ba shi da sinadaran da ke daidaita tsami. A gauraya shi da na rijiya ko na burtsatse, ko a sa ɗan dakakken ɓawon ƙwai. A lokacin hunturu ruwa yana ƙafewa ya bar gishirinsa a baya, don haka ruwan sama da aka adana ya fi dacewa da ciko. Hasken taga ta gabas ya isa. Rana ta yamma tana dafa ruwa, tana kuma haifar da gansakuka.

Tsirrai da kifayen gida

Abin takaici ne a ce ɗaya daga cikin tsirran da suka fi suna a tankunan duniya, Anubias barteri, ɗan asalin kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru ne, amma 'yan ƙasa kaɗan ne suka san shi. Yana jure inuwa, sai dai girmansa a hankali ne, ba zai iya aikin tace ruwa shi kaɗai ba. Masu wannan aiki su ne masu saurin girma: Ceratophyllum demersum marar saiwa, da kainuwa. Kainuwa tana shan iskar kabon daga sarari, don haka ta fi kowa zuƙe amoniya, amma kada ta rufe fiye da sulusin fuskar ruwa. Bado yana yi idan ana yanke ganyayen da suka kai sama.

Karfasa da tarwaɗa na kogin Yedzaram ba na wannan tanki ba ne; suna girma, suna tone saiwa. Waɗanda suka dace su ne ƙananan kifayen fadama, irin su jinsin Epiplatys da ke zaune a saman ruwa suna cin tsutsar sauro, da Fundulopanchax gardneri na yankin Binuwai da Kuros Riba. Suna tsalle, don haka a rufe tankin da raga, wadda za ta tare su ba tare da ta tare iska ba.

Batun tsargiya

Ɗebo tsirrai daga tafki ko fadama yana da haɗarin da littattafan waje ba sa ambata. Katantanwar Bulinus ita ce mazaunin ƙwayar tsargiyar mafitsara, Biomphalaria kuma ta hanji, kuma dukansu suna maƙale wa ganyen bado da kainuwa. Katantanwa mai ɗauke da cutar tana ci gaba da sakin ƙwayoyin da ke huda fatar mutum har tsawon makonni. Tankin da aka ajiye a makaranta, inda yara ke tsoma hannu, ba wurin sakaci ba ne.

Ƙwayar da aka saki cikin ruwa ba ta wuce kwana biyu da rai idan ba ta sami mutum ba, kuma cutar ba ta bin ƙwan katantanwa zuwa 'ya'yanta. Saboda haka a ɗebo tsirrai da safar roba, a tsince duk katantanwar da aka gani, a ajiye su a bokiti na dabam har mako uku ana dubawa ana canza ruwa, kafin a dasa su. Sashen nazarin halittu na Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, wadda aka kafa a 2002, wuri ne da malamin makaranta a Kwaja zai iya kai katantanwar da ya tsinta a tantance jinsinta.