Yadda Telebijin Ya Iso wa 'Ya'yanmu a Bakin Kwara

Garu ƙaramin gari ne a arewacin ƙasar Benin, cikin gundumar Malanbil, kusa da kogin Kwara. Wanda ya tsaya a gadar Malanbil yana hangen Gaya ta ƙasar Nijar, in kuwa ya nufi gabas ba zai daɗe ba sai ya faɗa ƙasar Illo ta Nijeriya. Kwatano tana can kudu, tafiyar fiye da kilomita 700. Saboda wannan zama tsakanin ƙasashe uku, abin da 'ya'yanmu suke kallo bai taɓa fitowa daga wuri ɗaya ba.

Kafin zuwan akwatin, abin nishaɗin yara da dare shi ne tatsuniya. Bayan an ci tuwo sai su kewaye kaka, ta ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, ko na kura da kwaɗayinta. Ba a yin tatsuniya da rana, gama rana ta aiki ce. Mai ba da labarin kuwa ta san kowane yaro da halinsa, in ta ga mai rowa a cikinsu sai labarin daren ya zama na marowaci.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a ƙetaren kogin nan telebijin ya fara zuwa domin yara ne, ba domin manya ba. Nijeriya ta riga kowa, gama an buɗe tasha a Ibadan a shekara ta 1959, ta Kaduna kuma a 1962. Amma a Nijar, a shekara ta 1964, gwamnatin Diori Hamani tare da taimakon Faransa ta kafa telebijin na makaranta a Yamai. Malamai sun yi ƙaranci ƙwarai a lokacin, sai aka ce bari akwati ya koyar. Aka riƙa watsa gajerun darussa da Faransanci, a kowane aji kuma akwai mataimaki wanda aka yi wa ɗan horo kaɗan, shi yake kunna akwatin, in darasi ya ƙare ya bi da yara ta cikinsa. Da fari makarantu wajen ashirin ne, daga baya aka ƙara, har aka riƙa ba akwatunan wuta da hasken rana a inda babu lantarki. Yaran sun iya magana da Faransanci da sauri, amma kuɗin shirin ya yi nauyi, bai kuwa kai ga yawancin ƙauyuka ba. A kan harsashinsa aka kafa Tele Sahel a shekara ta 1979, zamanin Seyni Kunce. Ƙasarmu Benin ta buɗe tata tashar a ƙarshen 1978, zamanin Mathieu Kereku.

A shekarun nan ne kuma wani ɗan Nijar, Mustafa Alasan, ya riƙa zana hotuna masu motsi da hannunsa. A 1966 ya fitar da wani ɗan fim inda kwaɗi suke da shugaban ƙasa da sojojin fareti. Ya rasu a 2015. Kaɗan ne cikin yaranmu suka taɓa ganin aikinsa, alhali kuwa babu wanda bai san Tom da Jerry ba.

Mu da muka tashi a wajejen 1980, kallo a wurinmu taro ne. Akwati ɗaya ne a unguwa, baƙi da fari, yana aiki da batirin mota, da eriya a kan dogon gora. Yamai ta fi Kwatano kusa da mu, Tele Sahel kuma tana ba da labarai da Hausa da Zabarmanci, wanda Dandawa suke ji ba wuya. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma, dare bai yi nisa ba ta rufe. Yara suna gaba a kan tabarma, manya suna baya. In abin kunya ya fito, tari ɗaya na dattijo ya isa a juya akwatin. A Nijeriya kuwa, tun daga 1984 tashar NTA ta riƙa nuna shirin Tales by Moonlight, inda wata mace take tara yara tana ba su tatsuniya. Watau akwatin da ya kori kaka daga tsakar gida, shi ne kuma ya ɗauki wata ya zaunar a madadinta.

Kada mai karatu ya ɗauka wancan zamani ba shi da aibi. Yawancin zane-zanen daga Faransa da Amurka da Japan suke, da duka da harbi a ciki, yaro yana dariya bai san abin da ake faɗi ba. Amma lokacin kallo gajere ne, kuma ba a yinsa a ɓoye.

Bidiyo ne ya fara sāke al'amarin. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, kaset na Hausa da na Indiya da na 'yan karate suka cika kasuwar Malanbil. Aka buɗe ɗakunan kallo na zana da kwano, inda mai ɗakin ba ya tambayar shekarun yaro, kuɗinsa kawai yake karɓa. Malaman makarantar Lahadi da malaman allo, waɗanda ba kullum bakinsu yake zuwa ɗaya ba, suka tarar kukansu iri ɗaya ne, wato yara suna sulalewa. Sa'an nan faifan tauraron ɗan adam ya zo da tashoshin zane waɗanda ba su rufewa dare da rana. Daga baya wayar hannu ta ƙarasa aikin. Ko da aka rufe gadar Malanbil a 2023, bayan juyin mulkin Nijar, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin hanya, hotuna ba su fasa ƙetare kogi ba.

Ni uba ne, kuma ba zan ce kome na yanzu ya fi na dā muni ba. A 2011 aka fara shirin Sesame Square a Nijeriya, da Zobi mai son doya da Kami, yarinyar da take ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, tana koya wa yara kada su guji mai ciwo. An yi shi da Hausa daga baya. Tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ita ma ta kawo shirye-shiryen yara masu koyar da ƙirga da baƙaƙe. Irin wannan ba mu same shi ba a zamaninmu. Abin da yake damuna shi ne wurin zama. Yaro yana ƙuryar ɗaki da waya a hannu da abin sauraro a kunne, uwa tana tsakar gida tana tsammani ya yi barci. Ba wanda zai yi tari a bayansa.

Akwai kuma batun harshe. Ɗan Bahaushe a Garu yana iya samun zane mai magana da harshen gidansu, albarkacin Kano. Maƙwabcinsa ɗan Dandi ko ɗan Fulani, wanda suke cin kasuwa ɗaya suna noman albasa a fadama ɗaya, yawanci sai dai ya kalla da Hausa ko da Faransanci.