Wutar Mota a Ƙasar Gobir: Tarihin Wata Mas'ala ta Masu Wayarin

Duk wanda ya yi nazarin tarihin yankin nan da ya tashi daga Isa ya bi gaɓar gulbi har Sabon Birni, ya dangana da iyakar Nijar, zai tarar da cewa babu abin da ya fi shiga rayuwar mutanensa kamar sha'anin hanya. Tun da Alƙalawa ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, Gobirawa suka sake haɗa kai a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sa'an nan Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa ya dawo kudu ya kafa Sabon Birni ba nisa da kufan kakanninsa, har zuwan Turawa Sakkwato a 1903 da shata iyakar da ta raba dangi guda tsakanin mulkin Ingila da na Faransa, jama'ar wannan ƙasa ba su daina tafiya ba, ko don fatauci, ko don zumunci, ko don gudun fitina. Tsakaninsu da Sakkwato kuwa ga dajin Gundumi, wanda ayari kan ratsa dare da rana ba a sauke kaya saboda rashin ruwa da tsoron mahara, kamar yadda Bature Clapperton ya gani da idonsa a 1824. Ƙa'idar da madugai suka bari ita ce a gama binciken guzuri da salka tun a zango, domin tsakiyar daji ba wurin gyara ba ne, kuma a kan wannan ƙa'ida sana'ar masu wayarin mota ta ginu a nan.

Mota ta samu gindin zama a wannan yanki ne bayan da dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, aka shiga jigilar gyaɗa da auduga da fatu ta hanyar Shinkafi zuwa bakin jirgi. Motocin wancan zamani, ko da yake injiniya Charles Kettering ya riga ya sanya wa Cadillac na'urar tayar da inji da lantarki tun 1912 a Amurka, wutarsu ba ta taka kara ta karya ba: batir ne mai ƙarfin bolt 6, da dinamo wanda ba ya cajin kirki sai inji ya ɗau zafin gudu, da fitilu biyu, da oda. Saboda haka kowace babbar mota tana tafe da ƙarfen juya inji a gaba, direba mai hankali kuma kan nemi gangara ya kwana a kai, don idan batir ya ƙi da asuba a saki birki a tura. Sha'anin komawa da baya kuwa amanar yaron mota ce, shi ne zai sauka da weji a hannu, ya tsaya inda direba zai hango shi, yana bugun jikin mota yana cewa a zo, a zo, a tsaya, kuma rayukan yaran unguwa da awakin kasuwa a bakinsa suke.

Sannu a hankali wayoyi suka yawaita har aikinsu ya fi ƙarfin bakanike guda, sana'ar ta balle ta zama mai zaman kanta. A shekarun 1950 masu ƙera motoci suka koma bolt 12, a 1960 kamfanin Chrysler ya fara sanya altaneta a madadin dinamo, motocin Ingila kuma, waɗanda da yawansu ke ɗaure kan batir mai alamar tarawa a jikin ƙarfe, suka juya zuwa ɗaure mai alamar ɗebewa kafin ƙarshen shekarun 1960, al'amarin da ya ƙone rediyo ba adadi a hannun wanda bai san bambancin ba. Da Nijeriya ta koma tuƙin hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, aka kuma buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, sai 404 da 504 suka cika tashoshi, kowane direba yana son kaset, yana son ƙarin fitila, yana son oda mai amo. Daga nan ne tambayar da ke zaman ginshiƙin wannan sana'a ta bayyana, wato daga ina za a ɗebo wa sabon abu wuta. Ilmin kuwa ba a littafi aka same shi ba, talƙini ne daga maigida zuwa yaro, kowa yana iya ambata wanda ya koya masa da wanda ya koya wa wancan, tamkar silsilar malamai, kayan aikin kuma ba su wuce filaya da salatif da ɗan ƙwan fitila mai waya biyu da ake gwada wuta da shi ba.

Cikin sababbin abubuwan da ake ɗebo wa wuta akwai kyamarar baya, wadda daga nesa ta fito. Kamfanin Buick ya nuna samfurinta a wata motar baje koli mai suna Centurion a 1956, Toyota ta sayar da ita a jikin Soarer a Japan a 1991, hukumar Amurka kuma ta wajabta ta a kan kowace sabuwar ƙaramar mota daga watan Mayu na 2018, bayan da aka daɗe ana kuka kan yaran da iyayensu ke takewa a ƙofar gida. Amma motocin da ke zirga-zirga tsakanin Isa da Sabon Birni da Maraɗi akasarinsu 'yan Beljiyam ne, waɗanda suka sauka a Kwatano suka ratso ta Nijar shekara da shekaru, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, kuma an ƙera su tun kafin wannan na'ura ta zama ruwan dare. Don haka sai a sayo ta daban, 'yar Sin mai araha, da ɗan allonta da doguwar waya mai kai rawaya, a miƙa wa mai wayarin ya yi ijtihadinsa.

Mashaya uku ce a gabansa. Ta farko ita ce wayar fitilar ribas, wadda ba ta ɗaukar wuta sai an sa giyar baya, kuma ita ce mafi dacewa da maƙasudin na'urar, domin kyamara za ta farka lokacin buƙata ta kwanta da zarar buƙata ta wuce. Gwani yakan buɗe but, ya cire murfin fitila, ya ce wa yaronsa ya murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ya ja birkin hannu, ya sa ribas. Sa'an nan ya manna ƙafa ɗaya ta ƙwan gwaji a jikin ƙarfe, yana taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ɗaya ƙafar, har ya sami wadda ke kama wuta idan an sa giya ta mutu idan an cire. A nan zai fere roba, ya haɗa jar wayar kyamara, baƙar kuma ya kankare fenti ya ɗaure ta da noti a tsiraicin ƙarfe, domin rabin hoton da ke rawa a allo sababinsa ɗaurin da aka yi a kan tsatsa ne. Siririyar jar wayar nan da ke manne da mai kai rawaya ita ce ke kai wa allo labari a gaba cewa an sa ribas.

Ta biyu ita ce wutar makulli, wadda ke zuwa idan an murɗa ta yanke idan an zare, ana ɗebo ta daga akwatin fis. Tana da fa'ida ga mai ɗaukar buhunan albasa ko gero har su toshe madubi, ko mai jan tirela, wanda ke son ganin bayansa yana cikin tafiya. Sharaɗinta dai a sa mata ƙaramin fis nata, a kuma sani cewa kyamarar da ke kunne yini guda cikin zafin bazarar Sakkwato, wanda kan haura digiri 40, ba za ta yi tsawon rai kamar 'yar'uwarta ba.

Ta uku ita ce jawo waya kai tsaye daga kan batir, kuma a ganina wannan gafala ce wadda ba ta da uzuri, duk da cewa ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma ke ruɗin sabon yaro saboda hoto yakan fito tas nan take mai mota ya biya ya tafi yana godiya. Lissafin a fili yake: kyamarar da ke shan kashi ɗaya cikin biyar na amfiya a kowace sa'a za ta sha kusan amfiya 5 a yini da kwana, batirin ƙaramar mota kuwa bai cika wuce 60 ba ko da sabo ne, balle wanda zafi ya riga ya ci rabin ƙarfinsa, idan mota ta yi mako a ajiye, ko allon ma aka bar shi a kan wannan waya, to ranar da sanyin hunturu ya sa man inji ya yi kauri ba abin da za a ji sai ƙas-ƙas. Idan kuma wayar ba ta da fis, ta goge a bakin ƙarfe saboda gargadar hanya, gobara ce. Matan da suka san zamanin ɗebo wuta a maƙwabta da tsingaro sun san ladabin abin: garwashi biyu ake ɗauka daga gefen murhu, ba a janye itacen da tukunyar masu gida ke dogara da shi. Shi ya sa tsofaffin sana'ar ba sa fara duban allo idan yaro ya ce ya gama, sai su tambaye shi da harshensu na Gobir: "Kai yaro, daga ina kaɗ ɗebo wutag ga?"

Zamani ya ƙara wa mas'alar rassa. Motocin Jamus da aka ƙera daga farkon shekarun 2000 suna da kwamfuta mai lura da kowane ƙwan fitila, tana aika masa wuta a gutsuttsure don ta san ko ya mutu. Idan aka ɗora kyamara a kan irin wannan waya sai hoto ya riƙa ƙyaftawa, ko alamar gargaɗi ta kama a gaban direba. Maganin da masana suka yi ittifaƙi a kai shi ne a sa rile a tsakani, wayar ribas ta zama mai ba da umarni kawai, ainihin wutar kuwa ta fito daga ta makulli ta bi ta fis. Manyan motoci kuma bolt 24 gare su, batir biyu a jere, kyamarar bolt 12 tana taɓa wayarsu za ta ƙone. Wanda ya yi dabarar ɗibar wuta daga batir ɗaya cikin biyun ya jawo ɗaya ya riƙa ramewa ɗaya yana cika fiye da kima, har su lalace tare, alhali kuwa ɗan akwatin rage wuta bai kai kuɗin batir guda ba.

A Kano ko Zariya batirin da ya kwana ya mutu ɓacin rai ne na sa'a guda. A nan kuwa, inda rashin tsaro ya mayar da hanyar Gundumi da ta Shinkafi abin da ake shiga da addu'a, inda a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar Sakkwato har da Isa da Sabon Birni, ta yadda a lokacin direban da motarsa ta mutu ba shi da halin kiran kowa, tashin inji a bugu ɗaya yana cikin abin da ake kiyaye rai da shi, kuma kiyaye rai yana gaba da kowace ƙawa. Saboda haka mai wayarin da ya san haƙƙin da ke wuyansa ba ya sallamar mota sai ya yi gwaji na ƙarshe: a kashe inji, a zare makulli, a rufe ƙofofi, a ɗan jinkirta har kwamfuta ta kwanta, sa'an nan ya kwance kan batir mai alamar ɗebewa ya sa mita tsakaninsa da wayarsa. Idan abin da ke wucewa bai fi ɗan abin da agogo da rediyo ke riƙe ƙwaƙwalwarsu da shi ba, ya mayar ya ɗaure. Idan ya fi haka, sai ya koma akwatin fis yana zare su ɗaya bayan ɗaya har ya gano wayar da ke sha.