Tafiyar Sunan Ceri daga Bakin Baƙin Teku zuwa Ingila

Ɗan itacen da Turawan Ingila ke kira cherry, ja ne wur idan ya nuna, girmansa bai wuce na ɗanya ba, da ƙwallo ɗaya a ciki da siririn tsinke a ka. Bishiyarsa ba ta yin 'ya'ya sai ta sha sanyi mai tsanani, shi ya sa ƙasashe masu zafi ba su san ta ba. Sunan nan da ake ji kamar Turanci tsantsa, baƙo ne, kuma sau biyu ya shiga Ingila.

Tsohuwar Girkanci ita ce mafi nisa da za a iya bin sawunsa, inda ake kiran bishiyar kerasos. Masanin tsirrai Tiyofarastus ya yi bayaninta tun wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A gabar Baƙin Teku kuma, cikin ƙasar Fontus ta da, akwai gari mai suna Kerasus, wanda yau shi ne Giresun a Turkiyya. Marubucin Rumawa Filini Babba ya ce babu ceri a Italiya sai da sarkin yaƙin Rum, Lukulus, ya ci sarkin Fontus, Mitiridatis, da yaƙi, ya kwaso bishiyar, a lissafinsa wajen shekara ta 74 kafin haihuwar Annabi Isa. Filini ya ƙara da cewa cikin shekara 120 ta ƙetare teku har Birtaniya.

Labarin yana da daɗin ji, har mutane da yawa suka ɗauka sunan garin aka laƙaba wa ɗan itacen. Amma masu haƙar kayan tarihi sun tono ƙwallayen ceri na daji a matsugunan Turai da suka girmi Lukulus da shekaru aru-aru, sunan ma ya riga shi. Abin da ya fi kama hankali shi ne, irin da aka gyara a gona Lukulus ya kawo, garin kuwa wataƙila shi ya ci sunan bishiyar.

Daga Girkanci kalmar ta shiga Latin, daga bakin sojoji da fataken Rum ta isa ga ƙabilun Jamus. Can aka samu Kirsche na Jamusanci, tsohon Turanci kuma ya samu ciris. Wannan ita ce shiga ta farko, kuma ba ta ɗore ba. A 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila, harshensu ya zama na fada da kotu da ɗakin girkin manya. Su cherise suke cewa, ɗan'uwan cerise na Faransancin yau. Sannu a hankali tsohon sunan ya ɓace, na masu mulki ya zauna.

A nan ne abin da ya fi burge ni ya faru. Bature yana yin jam'i ne da ƙara sautin s a ƙarshen suna. Da talaka ya ji cherise a kasuwa, ga shi abu ne da ake sayarwa tuli, ba wanda ke sayen ƙwara ɗaya, sai kunnensa ya ba shi jam'i ne. Ya datse wutsiyar, ya mai da abin da ya rage tilo. Zuwa ƙarni na 14 ana rubuta cheri a littattafai. Ba malami ya tsara haka ba, ba sarki ya yi doka ba. Bakin jama'a ne ya yi, masu alƙalami suka bi. Haka ta sake faruwa a ƙarni na 17 da pease, sunan wani koren wake, wanda ya koma pea. Hausa ma ta yi irin wannan da Larabci, sai dai ta ɗaya gefen: maimakon yankewa, sai ta haɗiye "al" na farkon kalma, aka samu alƙali da albasa da aljihu.

Noman bishiyar ya samu gindin zama a Ingila a zamanin Sarki Henri na Takwas, lokacin da mai kula masa da 'ya'yan itatuwa, Richard Harris, ya dasa gonar ceri a Teynham cikin yankin Kent a 1533. Kent ta yi suna da ceri tun daga nan.

Ma'anar kalmar kuwa yawanci launi da siffa ta bi. Tun ƙarni na 15 ake kiran ja mai haske da ita. Ƙananan tumatir masu zagaye sun ci sunan, haka ma 'ya'yan kofi nunannu kafin a ɓare su, kamar yadda ake faɗa a gonakin Kenya. A ƙarni na 20 aka samu cherry-pick, wato tsince masu kyau a bar sauran. A yau an fi jefan mutum da ita wajen muhawara, idan ya zaɓi hujjojin da suka yi masa daɗi ya rufe ido ga waɗanda suka saɓa masa.