Hasumiyar Iskandariyya

Hasumiyar Iskandariyya dogon gini ne da aka yi a kan tsibirin Faros, a bakin tashar jiragen ruwan birnin Iskandariyya na ƙasar Masar, domin nuna wa matuƙa hanya. Gaɓar Bahar Rum a wannan yanki shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudun da mai jirgi zai hango ya gane inda yake, ga kuma duwatsu kwance a ƙarƙashin ruwa. Shi ya sa Sarki Batlamus na Ɗaya ya sa aka soma aikin, ɗansa Batlamus na Biyu ya kammala shi wajen shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sunan da tarihi ya haɗa da ginin shi ne Sostratus, mutumin Kinidos.

Tsayinta ya haura mita 100, hawa uku: na ƙasa mai kusurwa huɗu, na tsakiya mai kusurwa takwas, na sama kewayayye. A can ƙololuwa ake hura wuta da dare. A cikin abubuwan mamaki bakwai na tsohuwar duniya akwai kaburbura da gumaka da wurin bauta, amma ita an gina ta ne don kada mutane su halaka a teku, ta kuma yi wannan hidima fiye da shekara dubu.

Matafiya Musulmi ne suka bar mana mafi yawan bayaninta. Ibn Jubair ya hau ta a 1183, ya yi salla a masallacin da ke samanta. Ibn Battuta ya zo a 1326 ya tarar gefe guda ya zube. Ya lura ƙofarta tana can sama da ƙasa sosai, sai an bi ta kan katakai da aka gitta daga wani gini da ke fuskantarta. In aka janye su, ba hanyar shiga. Da ya dawo a 1349, lalacewar ta kai ko ƙofar ba a iya kaiwa.

Girgizar ƙasa ce ta ci ta, musamman ta 956 da ta 1303 da ta 1323. A 1477 Sarkin Masar Ƙaitbai ya soma gina sansanin tsaro a gurbinta, har da wasu duwatsunta, sansanin na nan har yau. A 1994 masu binciken kayan tarihi ƙarƙashin jagorancin Bafaranshe Jean-Yves Empereur suka yi nutso a kusa da shi, suka gano manyan duwatsu da ginshiƙai da mutum-mutumi a ƙasan teku.